Gidan harsashi na fata: me ya sa yake saki, kuma yaya ake ɗinka wanda zai riƙe?

Wani ɗan'uwa da ya fara koyon dukanci ne ya aiko da tambayar. Ya ɗinka wa kansa gidan harsashi na fata, irin wanda ake maƙalawa a ɗamara, mai gurbi goma, na harsashin raifal mai suna .308 Winchester. Ranar da ya gama, sai da ƙarfi yake cusa harsashi a ciki, har ya ji daɗi ya ce aiki ya yi. Bayan wata biyu, da ya sunkuya sai ɗaya ya zame ya faɗi, waɗanda suka zauna kuma sun yi wani kore-kore mai danƙo a jiki. Yana so ya san inda ya kuskure, da yadda zai sake wani daga farko.

To, ɗan'uwa, ɗinkinka ba shi da laifi. Laifin yana wurin da ka ɗora dogaronka. Ka bar wa matsin zobe, wato lanƙwasar fatar da ake cusa harsashi a ciki, aikin riƙo gaba ɗaya, alhali fata aba ce mai miƙewa. Duk zoben da ka ɗinka yau, komai tsaurinsa, zai buɗe. Kowace shiga da fita tana ƙara masa faɗi kaɗan, gumi da raɓa suna tausasa shi, nauyin harsashi yana jijjiga shi a kowane taku. Gidan da ke riƙe harsashi shekara da shekaru shi ne wanda aka toshe wa harsashin hanya ta ƙasa da ta sama, ta yadda ko zoben ya saki babu inda za shi. Aikin zobe kawai ya tsayar da shi a layi, ya hana shi ƙara da gugar ɗan'uwansa.

Wannan matsala ta girme mu duka. A yaƙin da Ingila ta yi da Bowa, Turawan da suka zauna a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, harsasai sun riƙa zubewa daga ɗamarun sojojin Ingila a kan doki, har mayaƙan Bowa da harsashi ya yanke musu suna bin sawun rundunar suna tsinta. Ɗamarar fata da Ingila ta fitar a 1903 aljihuna gare ta masu murfi. Ka ga ke nan ko soja ya gane cewa zobe shi kaɗai ba abin amincewa ba ne.

Ɗauki harsashin naka ka duba shi da kyau, domin siffarsa ce za ta gaya maka irin gidan da yake so. Kwanson .308, wato jikin tagullar da ke ɗauke da albarushi, kaurinsa a gindi milimita 11.96 ne, a kafaɗa kuma 11.53. Wato daga gindi zuwa kafaɗa bai tsuke da ko rabin milimita ba, kusan miƙaƙƙe yake kamar alli. Leɓen gindinsa kuma 12.01 ne, bai fito waje ba balle ya hau bakin zobe ya zauna. Saboda haka da zarar zobenka ya buɗe da rabin milimita, babu abin da zai hana harsashin wucewa ta ƙasa. Rabin milimita kuwa fata ba ta ɗaukar wata guda kafin ta ba da shi. Wanda ke ɗinka wa .303 na Ingila ko .30-30 yana da sauƙi, don waɗannan suna da leɓe mai faɗi. Na .303 jikinsa 11.68 ne, leɓensa 13.72, shi da kansa yake rataye a bakin zobe. Haka harsashi mai kwanson roba na bindigar ƙwayoyi mai lamba 12, leɓensa ya fi jikinsa da wajen milimita biyu. Naka ba shi da wannan gata, sai ka yi masa wurin zama.

Wurin zaman nan iri biyu ne. Mafi sauƙi shi ne ka ɗinka aljihu gajere a ƙasa, wanda tsinin harsasai za su shiga su tsaya a kan wata fata mai kauri da ka sa a tsakani. Yana aiki, amma ina da ƙorafi a kansa: harsashin farauta sau da yawa kansa darma ce tsirara ko roba, in ya yi ta dukan ƙasan gida kullum sai tsinin ya daku. Abin da na fi so shi ne ziri na biyu, siriri, mai faɗin kamar milimita 10, a ƙasan zirin fatar da ka yi zobban farko da shi, na biyun nan a auna zobbansa da wuyan kwanso maimakon jikinsa. Wuyan .308 milimita 8.72 ne. Harsashi zai sauka, tsini da wuya su wuce, kafaɗa ta zo ta zauna a kan ƙaramin zoben. Kafin wannan zobe ya buɗe har kafaɗa ta wuce sai ya ƙara kusan milimita uku, abin da ba zai faru ba sai dai in fatar ta yage. Tsini kuma yana rataye a sarari, ba ya taɓa komai. Aiki ne ninki biyu, na sani, amma nan ne gizo ke saƙar.

Sai fata. Nemi wadda aka jeme da itatuwa, wato ɓawon itace ko 'ya'yan bagaruwa da makamantansu, ta saniya. Za ka gane ta da launin ƙasa-ƙasa mai haske a wurin yanka, tana shan ruwa nan take, in ka jiƙa ta ka lanƙwasa ta bushe sai ta riƙe siffar. Wadda aka jeme da gishirin kurom, irin ta jakar hannu da kujerar mota, in ka yanka za ka ga tsakiyarta shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Taushi gare ta, ba ta karɓar siffa, ko ka jiƙa ta sau goma za ta koma yadda take. Idan da ita ka yi na farko, to rabin amsarka ke nan. Masu sayar da fata sukan faɗi kauri da oza, oza ɗaya kuwa wajen milimita 0.4 ce. Jikin gida da murfi suna son oza 7 zuwa 8, wato milimita 3 ko kusa da haka. Zirin zobba oza 4, wajen milimita 1.6. In ya fi haka kauri ba zai zagaye kwanson da kyau ba, zai bar kusurwa a gefe, in ya gaza haka zai miƙe da wuri.

Inda ka yanko zirin a jikin ƙirgin ya fi kaurinsa muhimmanci, kuma wannan ne masu koyo suka fi yin sakaci da shi. Fatar ciki da ta hammata sako-sako ce, dabbar tana numfashi tana cin abinci da ita, an halicce ta don ta miƙe. Ta gadon baya da ɗuwawu ita ce mai tsauri. Yanko zirinka daga baya, tsawonsa ya bi layin ƙashin baya, kada ka yanka a gicciye. Mutum yakan ga ragowar fatar ciki a ƙasan tebur ya ce ai zobba ƙananan abubuwa ne, bari in yi da wannan kada ta lalace. Wannan tsimin shi ke zubar da harsashi a daji. Bayan ka yanka, jiƙa zirin, ka kama bakinsa biyu ka ja shi a gefen tebur sau uku ko huɗu, ka bar shi ya sha iska. Miƙewar da zai yi a ɗamararka gara ya yi ta yanzu a hannunka.

Kafin awo, maganar abin gwaji. Kada ka yi aiki da harsashi mai rai a kan tebur inda ake buga guduma ana soka basilla. Ban da haɗari, jiƙaƙƙiyar fata za ta ɓata shi. A ƙasashe da yawa ma riƙe harsashi sai da lasisi, don haka baduku da ke yi wa wani aiki ya fi masa kwanciyar hankali ya nemi awon kawai. Sandar katako da aka fere daidai kauri ta wadatar, ko harsashin gwaji marar albarushi. Kwanson da aka riga aka harba kuwa yana da tarko. Lokacin harbi tagullar takan kumbura ta cika ɗakin bindiga, ba ta komawa daidai yadda take. Na taɓa ɗinka zobe goma reras a kan irin waɗannan kwansuna, ina ta yaba hannuna, mai kaya ya zo ya zura sababbin harsasai sai ga su suna rawa a ciki kamar haƙorin tsoho. Warware ɗinkin ya fi yin sa cin rai. Tun daga ranar nake auna sabo da ma'aunin kauri, in fere sanda ta gaza shi da ɗan kaɗan, kamar kashi biyu ko uku cikin goma na milimita. Kuma ka guji sandar baƙin ƙarfe: ƙarfe in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar fatar jimar itace yakan bar baƙin tabo kamar tawada, ba ya fita.

Lissafin zobe ba shi da wuya. Awo biyu ne. Na farko, tazarar layukan ɗinki a jikin bangon gida, wato shimfiɗaɗɗiyar fatar da ake ɗinka ziri a kanta: kaurin kwanso haɗe da kaurin ziri sau biyu. A naka, 12 da 3.2, wajen milimita 15 ke nan daga layi zuwa layi. Na biyu, tsawon zirin da zai tafi tsakanin layi da layi: zai tashi daga bango, ya zagaye rabin kwanson, ya sauko. In ka haɗa kaurin kwanso da na ziri ka sami 13.6, rabin da'irar wannan ya kai 21 da ɗoriya, ka ƙara 12 na tashi da sauka, ka sami wajen milimita 33. Daga nan nakan rage ɗaya ko ɗaya da rabi saboda fatar a jiƙe za a ɗinka ta. Amma kada ka ɗauki wannan lamba ka zana gurbi goma. Kowace fata da halinta. Ɗauki guntu, ka yi zobe uku na gwaji, 31 da 32 da 33, ka bar su su kwana su bushe, da safe ka ga wanda ya kama yadda kake so. Awa ɗaya ce za ta tafi, ta cece ka daga asarar fata sukutum.

Yadda kake so ɗin kuma ga shi: harsashi ya shiga da turin babban yatsa, ya fito da yatsu biyu ba tare da ka riƙe gidan da ɗaya hannun ba. Wanda sai an yi kokawa da shi bai yi ba. Ka tuna mai amfani da shi yana iya kasancewa cikin sanyi, yatsu sun ƙage, ko da safar hannu, idonsa kuma yana wani wuri. Saboda haka ka bar milimita 10 zuwa 12 na gindin kwanson a sama da bakin zobe, wurin kamawa. Faɗin babban zirin milimita 25 ya isa.

Hanyar kafa zobba biyu ce, kowace da mutanenta. Ta farko ɗinki: ka ɗinke bakin ziri a layin farko, ka sa sanda, ka zagayo da zirin, ka ɗinke a layi na biyu, ka bar sandar a ciki ka wuce na gaba. Barin sandar a ciki wajibi ne, in ka cire ta zobe na gaba zai janye fatar na baya. Ta biyu saƙa: ka huda tsaga a bango a tsakiyar kowane gurbi, tsawonta daidai faɗin ziri, faɗinta ya ɗan gaza kaurin ziri biyu. Zirin ya fito ta tsagar daga baya, ya zagaye sanda, ya koma ta wannan tsagar dai, ka ja shi tam, ya wuce ta gaba. A nan fatar tana rungume kwanson kusan duka zagayensa, kuma ba sai ka yi lissafin tsawo ba, sandar ce ke aunawa. Wani alherinta shi ne in zobba suka saki bayan shekaru, kana iya kwance baki ɗaya ka ja zirin ka sake ɗaurewa. Aibinta kuma, in gurbi ɗaya babu kowa a ciki, maƙwabcinsa yana iya jan fatarsa ya saki. Maganin wannan shi ne ka shafa gam a bayan bangon ka manne wata siririyar fata a kai, ko ka sa ɗinki biyu-uku tsakanin tsaga da tsaga. Ni dai ga harsashin raifal na fi son ɗinki, don kowane zobe yana cin gashin kansa. Ga lamba 12, mai kauri wajen milimita 20, saƙa ta fi kyau da sauri.

Da ni ne kai, ba zan jera goma a layi ɗaya ba. Goma sau 15 milimita 150 ke nan, ban da gefe. Abu mai wannan faɗi ba ya bin lanƙwasar ƙugu, in kuma ya bi, zobban suna buɗewa ta waje kamar yatsun hannu. Wataƙila wannan ma ya taimaka wurin zubar maka da harsashi. Yi biyar-biyar: ko dai bango biyu da ke ninkewa su fuskanci juna, ko gida biyu dabam. Biyar sun ci milimita 75, ka ƙara 12 a kowane gefe don ɗinki, faɗin gidan ya tashi wajen 100. Tsawon harsashin gaba ɗaya bai wuce milimita 71.1 ba, sai ka bar masa 5 a ƙasan tsini. Harsashi goma na .308 sun kai kusan rubu'in kilo, nauyin da ba ka ji a hannu amma ɗinki yana jin sa a kowane taku.

In za ka yi mai ninkewa, akwai abin da ba a wasa da shi. A tsakiyar gindin kowane harsashi akwai ɗan makunnin nan da allurar bindiga ke bugawa. Kada tsinin wani harsashi ya fuskance shi, kada kuma wani ƙarfe na gidan ya zauna a kansa: ba ƙusa, ba ribit, ba gindin maɓalli. Zana gidan a kwali tukuna, ka jera sandunanka, ka ninke, ka ga me ke taɓa me. Duk ƙarfen da ya leƙo ciki, ko ba a saitin makunni yake ba, rufe shi da 'yar fata, don zai karce tagulla kuma zai yi ƙara.

Murfi shi ne rabin aikin, amma mutane sukan yi shi kamar ado. Murfin kirki yana sauka ya zauna a kan gindin harsasai, babu sarari. In akwai tazarar yatsa tsakaninsu, harsashi zai yi ta tsalle a ciki yana cin zobe. Yanke shi da tsawo fiye da buƙata, ka jiƙa wurin lanƙwasa, ka jera sanduna a gurabensu, ka ja murfin a kansu, sannan ka sa alamar inda maɓalli zai zauna. Kada ka huda wurin maɓalli daga zanen kwali, kullum sai ya kuskure da milimita biyu ko uku. In fatar ta yi kauri a lanƙwasa, fere ta kaɗan ta gefen nama, ko ka ja 'yar kwata marar zurfi, don kada fuskar ta tsage. Gefen murfin kuma ya ɗan sauko kamar kunnuwa ya rufe harsashin farko da na ƙarshe, su ne suka fi samun hanyar gudu.

Abin rufewa, na gwada kusan duka. Maɓallin dannawa yana da sauri amma yana ƙara, ƙura tana cika shi, kuma reshe yana iya ɓalle shi. Maganaɗisu ban yarda da shi ba a nan, ba ya jure fizga. Ƙaramin bakul ba ya buɗewa da kansa, sai dai yana son hannu biyu. Wanda na tsaya a kai shi ne ƙusar tagulla mai kan ƙwallo, wadda ake kira da sunan Sam Browne, hafsan Ingila da ya rasa hannun hagu a Indiya a 1858 ya kuma ƙirƙiro ɗamarar da mai hannu ɗaya zai iya zare takobi da ita. Huda rami daidai wuyan ƙusar, ka tsaga 'yar gajeriyar tsaga daga ramin zuwa sama, wajen lanƙwasar murfi. Ba ta ƙara, babu abin da zai lalace a cikinta, ana buɗe ta da yatsa ɗaya. Ramin ya zama matsattse ranar farko, zai daidaita da kansa.

Madaurin ɗamara a bayan gida shi ake fara ɗinkawa, tun bango yana shimfiɗe, in ka rufe gidan allura ba za ta sami hanya ba. Tun ran gini ran zane. Ramin ya fi faɗin ɗamarar da milimita 3 zuwa 5 kawai. In ya yi yawa gidan zai riƙa kifewa gaba yana lilo, lilon nan kuwa shi ke girgiza harsasai. Ka sa shi sama-sama, ta yadda yawancin nauyi zai rataya a ƙasan ɗamara.

Ɗinki na allura biyu za ka yi, zare ɗaya da allura a kowane baki, suna gicciye a cikin kowane rami. In zare ya tsinke a wuri ɗaya, ɗayan yana riƙe, ba kamar na keke ba da ke warwarewa. Zare mai kakin zuma, kauri 0.8 zuwa milimita 1, tsawonsa kamar ninki huɗu na layin da za ka ɗinka, ramuka kuma tazarar milimita 4. Kada ka matso da su fiye da haka a kan zirin zobba, domin layin ramuka a gicciyen ziri kamar layin yaga takarda yake, in sun yi kusa nan zai yage. A bakin sama na kowane zobe, inda harsashi ke turawa yana shiga, zagaya zaren sau biyu ta kan gefen zirin. Wurin nan ne ɗinki yake fara mutuwa. A ƙarshen layi koma baya rami biyu ko uku. Gam na riƙe aiki ne kafin allura ta zo, kada ka ba shi amanar nauyi.

In ka gama, fatar tana da ɗan danshi, bar sandunan a ciki ka ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, kwana ɗaya ko biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, fata ma haka, amma kada gaggawa ta sa ka kai ta bakin wuta. Jiƙaƙƙiyar fatar jimar itace in zafi ya haura digiri 70 takan ƙanƙance ta ƙandare, daga baya ta karye. Bayan ta bushe, bi gefuna da samfefa, ka ɗan jiƙa su ka goge da katako mai santsi har su yi sheƙi, ka bi da kaki.

Saura koren da ka gani. Kwanson harsashi tagulla ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Fata kuma tana ɗauke da tsamin jima da mai da kitsen da aka ciyar da ita. In jan ƙarfe ya daɗe manne da waɗannan, ga danshi, sai ya fitar da wannan kore mai kama da kaki. Ba alamar fatarka ta lalace ba ce, halin tagulla da fata ne tun fil azal. Shi ya dami sojojin Amurka a ƙarni na 19, har wani hafsansu, Anson Mills, ya fito da ɗamarar harsashi ta saƙaƙƙen zare wadda rundunar ta yi amfani da ita a shekarun 1880. Shi ne kuma babban dalilin da ya sa aka riƙa yi wa kwanso rufin nikel, don 'yan sanda masu barin harsashi wata da watanni a zoben ɗamara. Koren nan ba ƙazanta kawai ba ce. In ya taru yana ƙara wa kwanson kauri ya ƙi shiga bindiga da kyau, ko ya manne a cikin zobe lokacin da kake buƙatarsa.

Ba a kawar da shi gaba ɗaya, ana dai rage shi. Kada ka shafa mai a cikin zobba ko kaɗan. A waje ma ɗan kaɗan, shafa ɗaya marar nauyi, domin mai da yawa yana tausasa fata ta saki, ga shi yana ciyar da koren. Cikin zobban ka shafa ruwan rufi na akirilik da ake sayarwa don fata, sau biyu, ka bari ya bushe sarai, zai zama shamaki tsakanin tagulla da jima. Wasu sukan yi zobban da zirin roba mai miƙewa ko saƙaƙƙen zare a cikin gidan fata. Zaren ba laifi. Robar kuwa tana kamawa da kyau shekara ɗaya ko biyu, sannan ta mutu ta zama igiya, don haka in za ka sa ta, ɗinka ta a wani ɗan bango da za a iya cirewa a sauya. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ɗabi'a: gidan fata na fita ne, ba na ajiya ba. An dawo gida, a zare harsasai a goge su da busasshen tsumma a mai da su kwalinsu.

Wurin gogewar kuma ka kiyayi man goge tagulla mai warin amoniya. Amoniya tana tsattsaga tagullar da aka matsa. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwansuna suna tsagewa bayan damina ba su san dalili ba, sai a 1921 aka tabbatar cewa amoniyar fitsarin dawaki ce, a bargar da ake ajiye harsasan. Harsashin da koren ya ci har ya yi rami, ko ka ga tsaga a wuyansa, ba na harbi ba ne kuma.

In wata rana aka kawo maka aikin bindigar ƙwayoyi, kada ka yi gida ɗaya mai ɗaukar lamba 12 da lamba 20 tare, ko mai shi ya roƙe ka. Harsashin lamba 20 yana zamewa cikin bututun lamba 12 ya maƙale a gaba, mutum ya ga ɗaki babu komai ya ɗora na 12 a baya, bututu ya fashe. Dalilin da ya sa ake yin lamba 20 da launin rawaya ke nan. Ƙananan .22 kuma makunninsu a cikin leɓe yake, zobba ba su dace da su sosai ba, ƙaramin aljihu mai murfi ya fi.

Tsohon gidan naka kada ka yar. In fatar jimar itace ce, jiƙa zobban da ruwa mai ɗumi, ka zura sandunan da suka gaza kwanso da rabin milimita, ka matse gefensu da yatsa, ka bar su su bushe. Zai kama na ɗan lokaci. Gyaran da ya fi daɗewa shi ne ka manna siririn ziri, kamar rabin milimita, a jikin bango ta cikin zobban daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ka ƙara masa zirin kafaɗa a ƙasa da murfi a sama in akwai wurin ɗinki. Ko sabo ko gyararre, gwajin ɗaya ne: cika shi da harsashin gwaji, ka bar murfi a buɗe ka kife shi a kan tabarma ka girgiza a hankali, kada ko ɗaya ya faɗo. Sannan ka cire biyu daga tsakiya ka sake kifewa, don gida rabin cika shi ne ya fi zubarwa. Daga nan ka rufe, ka ɗaura a ƙugu, ka yi tsalle ka sunkuya ka zauna, kana saurare. In ka ji ƙas-ƙas, murfin bai zauna a kan gindin ba, sai ka manna 'yar fata a cikinsa ta cike tazarar.